Barcin Kawu da Mesa Mai Jan Wutsiya

Kawu yana zuwa gidanmu duk ranar Juma'a. Umma takan ce tuwo ne yake kawo shi, amma duk mun san barci ne.

Ƙanin Umma ne. A wata masana'antar gilashi da alminiyon yake aiki, a Birnin Masana'antu na Biyu, can kudancin Riyad, kuma a ɗakin ma'aikata yake kwana, gado a kan gado. Wasu na dawowa daga aiki a daidai lokacin da wasu ke tashi, don haka fitila ba ta mutuwa a ɗakin, kuma ba a rasa mai waya da iyalinsa da ƙarfi. Ranar Juma'a kaɗai yake hutu. Yakan shigo motar haya tun da hantsi, su yi salla da Abba a masallacin unguwarmu, su hawo sama tare. Umma ta zuba masa tuwon shinkafa da miyar kuka, irin kukar da masu zuwa umara suke kawo mata daga gida. In ya ƙoshi ya wanke hannu, sai ya shiga majalisa, wato dogon falon baƙi mai katifun ƙasa da matasai, ya miƙe jikin bango, ya cire hularsa ya kifa a fuska. Shi ke nan sai kiran la'asar. A tsakanin nan Umma ba ta yarda a kunna injin markaɗe, ba a buga ƙofa, ko cokali ya faɗi sai ta harare shi.

Sunan kakata ta wajen uwa aka sa mini, saboda haka Kawu bai taɓa kirana da komai ba sai “uwata”. In ya shigo yakan ɗan russuna da wasa ya ce, “Uwata, ɗanki ya zo da yunwa.” Ni kuma in ce, “Ɗan nawa ya yi salla dai ko?” Ya ce, “Ga limami nan, tambaye shi,” yana nuna Abba.

Ni kaɗai iyayena suka haifa. A Riyad na girma, a hawa na uku na wani tsohon gini, kuma tagar ɗakina bangon wani ginin take kallo. Abba yana aikin fassara a wani ofis a Ulaya, ni kuma ina karatun adabin Larabci a jami'a. Daga makaranta sai gida. Na daɗe ina son wani abu mai rai a ɗakina, wanda zai yi shiru kamar yadda nake yi. Kyanwa tana sa Umma atishawa, tsuntsu kuma ya cika surutu. Haka na kai ga macijiyata ta farko, wata ƙaramar mesa da ba ta wuce tsawon hannuna da kaɗan ba, irin wadda in ta tsorata take dunƙulewa ta ɓoye kanta a tsakiyar jikinta. Mai shagon ya ce asalin irinta daga yammacin Afirka ne. Sai na ji kamar na tsinci 'yar garinmu a tasha. Abba bai iya ce mini a'a, ya saya. Umma ta yi kwanaki ba ta shiga ɗakina ba, kuma ranar da ta ga ƙunshin daskararrun ɓeraye a firjinta, kusa da daddawa, sai da maƙwabta suka ji salatinta.

A ranar ne kuma ta ba ni labarin. Tana yanka albasa, ba ta dube ni ba. Ta ce Kawu ya taɓa samun 'ya, 'yarsa ta fari. Wata kaka, ana girbin gero, yarinyar ta kai masa fura gona, ta zauna jikin dami tana jiran kwano. Kububuwa tana ƙarƙashin damin. Kafin a samu babur a kai ta asibitin gari, rai ya yi halinsa.

“Ba zai taɓa gaya miki ba,” in ji Umma. “'Yar fari ce. Ko tana raye ba zai ambace ta ba, balle. Abin da nake so da ke, kada ya ga wannan abin.”

Na kiyaye. Duk Juma'a ina rufe ɗakina. Amma wata rana ya buɗe firji neman ƙanƙara, na ga ya tsaya, ya mayar da murfin a hankali. Sai bayan makonni ya taɓo maganar, yana sa takalmi zai tafi.

“Uwata, yaya baƙuwar taki? Tana dai ci?”

Na ce tana ci.

“To madalla. Baƙo dai a kula da cikinsa.”

Iyakar maganar ke nan. Ya ci gaba da barcinsa, tunda akwai bango da ƙofa a tsakaninsu.

Bayan kamar shekara guda na fara kwaɗayin ta biyu. Ƙaramar mesata ta cika kunya. Takan wuni a cikin kogon ɓawon itacenta, in na ɗauke ta ta dunƙule kamar curin fura. Ina sonta, amma ina son wadda za ta dube ni. Wata Asabar Abba ya kai ni kasuwar dabbobi, muka wuce masu tattabaru da masu zomaye zuwa shagon da na sani. Mai shagon ya fito mini da guda biyu. Ta farko siririya ce mai launin lemo, mai fara'a, ya ce ba za ta wuce kaurin yatsu biyu ba har ta tsufa, kuma kejinta zai zauna a kan kantar littattafaina. Ta biyun kuwa daga can ƙasan kanta ya jawo ta. Ya ce sunanta bowa, daga dazuzzukan Amurka ta Kudu, inda ruwan sama ba ya ɗaukewa.

Jaririya ce a lokacin. Jikinta toka-toka ne, da tambura masu duhu jere a gadon baya kamar an ɗora mata sirdi bayan sirdi. Tamburan suna tafiya suna canja launi har su kai wutsiya, a nan kuma sai su koma ja, irin jan lallen da ya kwana a ƙafa ya kama sosai. Da na miƙa hannu ba ta ɓoye kai ba. Ta naɗe wutsiyar a wuyan hannuna ta riƙe, ta ɗago, ta kaɗa harshe wajen fuskata, kamar mai tambayar daga ina nake.

Mai shagon bai yaudare ni ba. Ya ce da Larabci, “'Yata, wannan za ta fi babanki tsawo. Za ta yi kaurin cinyarki. Za ki yi aure ki haihu tana nan. Kina da wuri?”

Ba ni da wuri. Ɗakina gado ne da kanta da 'yar hanyar wucewa. Wuri ɗaya ne a gidanmu mai dogon bango, kuma tun hannuna yana cikin naɗinta na san wane bango ne. Abba ma ya sani. Ya shafa gemu ya ce, “Sai dai majalisa. Amma ki nemi izinin Kawunki, shi ne mai ɗakin ranar Juma'a.” Siririyar mai launin lemo tana can tana zagaya yatsun mai shagon. Ban sake kallonta ba. Na ce ya ajiye mini mai jan wutsiyar zuwa mako mai zuwa.

A gidanmu akwai yadda ake neman abu mai nauyi a wajen babba. Ba a tarar mutum gaba da gaba. Ana bi ta hannun wanda ba ya jin kunyarsa, don in zai ƙi ya ƙi cikin sutura. Da na gaya wa Umma, da ta tambaye shi su biyu a kicin, ya ce mata, “Yaya, ba zan iya ba,” ita kuma ta dawo ta ce mini ita ce ba ta yarda ba. Babu wanda zai ji kunya. Na san wannan hanyar sarai, kuma na san inda take ɓullewa. Shi ya sa ban bi ta ba.

Na bari sai Juma'a, ana tsakiyar cin tuwo, Abba yana zaune. Abba ne ya nemo masa bizar aikin nan, kuma a gidan Abba yake cin abincin da yake hannunsa.

“Kawu, ina da roƙo.”

“Uwa ba ta roƙo, umarni take bayarwa.”

Na faɗa masa. Na ce ƙarama ce, ba ta da dafi, keji zai kasance a rufe kullum. Na yi ta magana fiye da yadda na saba. Lomar da ya ɗebo ta tsaya a hannunsa, miya tana ɗiga cikin kwano. Ya dubi Abba, Abba yana kallon tuwonsa. Sai ya yi murmushi.

“Haba uwata. Ɗa yana hana uwarsa abin da take so? Babu komai.” Ya kai lomar baki, ya haɗiye. “Wa zai yi kejin?”

Na ce mai shagon ya san wani.

“Ina raye? Ki kai wa wani aikin gilashi, a ce ɗanki me yake yi a garin nan? Ki ba ni awo kawai.”

Umma ta ajiye ludayi ta shige kicin. Da na kai kwanuka na tarar da ita tsaye gaban famfo, ruwa na zuba, ba ta wanke komai.

“Ke dai kin san abin da kika yi.”

“Umma, ai ya ce babu komai.”

“Me kike so ya ce?”

Ranar Asabar na koma kasuwa na ɗauko ta.

Kawu ya yi kejin a lokacin hutunsa na rana, da ragowar gilashin da shugabansu ya bar masa. Wani abokinsa mutumin Maraɗi ya kawo su a bayan mota, gunduwa-gunduwa, suka haɗa shi a cikin majalisa, don in an haɗa a waje ba zai shiga ƙofa ba. Kejin ya cinye bangon nan gaba ɗaya. Kawu ya goge kowane gefe har ya yi santsi, ya ce kada baƙuwa ta yanke. Ya sa makulli biyu.

“Biyu, Kawu?”

“Ɗaya naki, ɗaya nawa,” ya ce yana dariya. Abokinsa ya ce ko kura aka sa a ciki sai dai ta yi haƙuri.

Watannin farko tana cikin robar ajiya a ɗakina, don ta yi ƙanƙanta da kejin. Kawu ya koma ɗaya bangon ya ci gaba da barcinsa kusa da kejin da babu komai a ciki, ni kuma na ce wa zuciyata ai ga shi nan, Umma ce mai tsananta abu. Amma bowa ba ta jira. Tana ci tana saɓa, tana ci tana saɓa, har robar ta yi mata kaɗan. Da zafi ya fara shigowa na mayar da ita majalisa.

Juma'ar farko ya ci tuwo, ya wanke hannu, ya shiga ya zauna. Bai miƙe ba. Hularsa tana kansa. Suka yi ta hira da Abba a kan farashin taki a gida, har Abba ya fara gyangyaɗi ya tashi ya shiga ciki. Na leƙa na ga Kawu zaune shi kaɗai, bayansa jikin bango, ya tattara ƙafafunsa, yana jan carbi. Ita kuma tana hawa reshen da na sa mata a hankali, wutsiyar tana biye.

“Kawu, ba ka kwanta ba?”

“Yau barcin bai zo ba, uwata. Shayin Yaya ne ya yi ƙarfi.”

Juma'a ta gaba ma shayin ya yi ƙarfi. Na samo atamfar Umma na lulluɓe kejin. Ya yi godiya, amma atamfa ba ta hana jin motsi, kuma jikinta in yana gogar gilashi yana da wani sauti kamar ana jan buhu a kan siminti. Na ce ko ya kwanta a ɗakina, ya ce subhanallahi, ɗakin budurwa? Ga kuma ƙaramar a can. Ɗakin Abba da Umma kuwa ko a mafarki ba zai taka ba. Daga baya sai ya ce zai riƙa komawa masallaci ya ɗan kishingiɗa, ya fi lada.

Na yarda da wannan ma, don ina son in yarda. Kuma ina son bowar nan. Iskar Riyad busasshiya ce, ita kuwa 'yar daji ce mai laima, don haka kullum da safe ina fesa mata ruwa. Takan ɗago kai ta tsaya cikin feshin, ɗigon ruwa yana taruwa a kan hancinta, in ga kamar tana tuna wani wuri da ba ta taɓa gani ba. Nakan ce mu biyu ke nan. In ta yi sabuwar saɓa, hasken taga yana fito da launuka a fatarta kamar bakan gizo a kan ruwa. Nakan zauna gabanta da littafi a cinya, in manta da littafin. Daga Asabar zuwa Alhamis babu abin da ke damuna. Ranar Juma'a kuma tun asuba nake tashi da tunanin Kawu.

Wata Juma'a cikin tsananin zafi Umma ta aike ni da kwanon tuwo wajen maƙwabciyarmu ta hawa na ɗaya. Na sa abaya na sauka ta matakala. A kwanar hawa na biyu na same shi. Yana zaune a kan matakala, ya jingina kai da bango, baki a ɗan buɗe, hula a kansa, gumi ya jiƙa wuyan rigarsa. Na manta, ko na sa kaina mantawa, cewa ana kulle masallacin unguwarmu bayan an watse. Ƙarar takalmina ta tashe shi, ya gyara zama da sauri.

“Iska nake sha, uwata.”

Babu taga a matakalar nan. Na ce, “Sannu, Kawu,” na wuce da kwanona. Da na dawo ba ya nan.

Da a ce a ranar na yi abin da ya kamata, da da sauƙi. Ban yi ba. Na yi ta lissafe-lissafe: ko in fitar da gadona in kwana a ƙasa, amma keji ba zai fita daga majalisa ba sai an warware shi, kuma wanda ya haɗa shi ne kaɗai zai iya, ni kuwa bakina ba zai iya sake roƙonsa komai ba. Ko in jira sanyi ya shigo, wataƙila ya saba. Umma dai ta riƙa zuba masa tuwo fiye da da, kamar tuwo zai maye gurbin barci. Zafi ya wuce, sanyi ya zo ya tafi, wani zafin ya kama hanya. Kawu bai fasa zuwa ba ko sau ɗaya, bai fasa russunawa ya ce ɗana ya zo da yunwa ba. Idanunsa ne kawai suka yi ja suka zauna a haka.

Sai wata Juma'a ya zo da babban yatsansa a naɗe da bandeji, yana cin tuwo da cokali. Abba ya tambaye shi.

“Gilashi ne, Alhaji. Ba ya son mai gyangyaɗi.” Ya yi dariya. “An ɗinke, babu komai.”

Babu wanda ya dube ni. Babu wanda ya ce saboda ni ne, kuma wataƙila ba saboda ni ba ne, mutum yakan yanke ko ya ƙoshi da barci. Amma na janye hannuna daga kwanon.

Akwai wata abokiyar karatuna da yayanta yake kiwon irin waɗannan dabbobi a gidan gonarsu da ke wajen Dir'iyya, cikin dabinai. Na yi mata magana. Ranar Asabar na sa bowa a cikin rigar matashi na ɗaure bakin, Abba ya tuƙa mu. Ta yi nauyi a lokacin, ta cika mini cinya, ina jin ta tana juyawa tana neman hannuna ta cikin yadin. Ita ma na ci amanarta. An gaya mini tun ranar farko cewa tafiyar shekaru ce, na ce na ji, ga shi ko biyu ba mu cika ba ina miƙa ta ga wanda ba ta san warinsa ba. Da yayan nata ya buɗe rigar matashin, wutsiyar ce ta fara fitowa, ta laluba iska ba ta sami wuyan hannuna ba. A hanyar dawowa Abba ya kunna rediyo don kada ya ji ina kuka.

Umma ta wanke kejin da sabulu da turare, ta jera kofunan shayinta na baƙi a ciki. Ya yi kyau ƙwarai, har maƙwabta suna tambayar inda aka sayo.

Shekarar da ta biyo baya masana'antar ta rage ma'aikata, Kawu ya koma gida. Juma'o'in da suka rage masa a Riyad bayan tafiyar bowa ba su kai waɗanda na cinye masa ba. Ban san haka ba a lokacin, shi ma bai sani ba.

Abin da na sani, Juma'ar farko bayan na miƙa ta, ya zo ya ci tuwonsa, ya wanke hannu, ya nufi ƙofar fita kamar yadda ya saba a watannin nan. Umma ta ce daga kicin, “Shiga majalisa mana ka ga kofunana.” Ya shiga. Ina tsaye a bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallon kejin.

“Ina mutuniyar?”

“Ta koma ƙauye, Kawu. Wuri ya yi mata kaɗan.”

“Ayya. Ai da kin bar ta, uwata. Babu komai.”

Ya sa yatsansa mai tabo ya taɓa makullin farko, ya taɓa na biyu. Ya ɗaga matashi ɗaya ya duba ƙarƙashinsa, kamar mai gyara shimfiɗa. Sannan ya miƙe jikin bango, ya cire hular ya kifa a fuska.

Na ja ƙofar a hankali na zauna a ƙasa daga waje. Ba a jima ba minsharinsa ya fara, ƙasa-ƙasa da farko, sannan ya cika gidan. A kicin wani cokali ya faɗi, na ji Umma ta ce masa, “Shhh.” Ina nan zaune har aka kira la'asar, kuma ranar sai da Abba ya taɓa ƙafarsa sau biyu kafin ya tashi.